Shekarar da Aka Hana Yankan Kaba

Na san abin da ake faɗa muku a gidan kawunku Issufu, domin ba a ɓoye ake faɗinsa ba. Ana cewa Dije ta fifita icce a kan uwar da ta haife ta. Tun kuna ƙanana kuke jin wannan magana, ni kuma ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa ɓangaren ba, don ba na son zancen da ake yi ana tuƙin tuwo, rabinsa ya shiga kunne rabinsa ya bi hayaƙi. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ga ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi bai gudu duka ba, zan rubuta yadda abin ya faru. Wanda ya karanta ya ga kawunku ne da gaskiya, ba zan yi fushi da shi ba.

Kakarku, Inna, masaƙiyar tabarma ce. Kada ku ce ai duk matan garinmu suna saƙa, don tsakanin saƙarsu da tata akwai tafiya mai nisa. Su suna ɗora nasu a ka su kai kasuwar Badagishiri su yini a rana, ita kuwa ban taɓa ganin ta kai tabarma kasuwa ba. Mai so ya zo gida, ya yi sallama, ya jira ta gama abin da take yi. Tabarmarta fara ce ƙal, ga laushi har ana ninke ta kamar zane, a tsakiya kuma akwai adon gidanmu da ake kira sawun kurciya, baƙi da ja. Baƙin daga bagaruwa da laka take samo shi, jan daga karan dafi, galurar kanti kuwa ko taɓa ta ba ta yi. A lokacin kowane gida da adonsa, wanda uwa ke bar wa ɗiya. Wasu idon zabuwa, wasu tsani, wasu haƙorin zarto. In aka shimfiɗa tabarmi wurin suna, ba sai an tambayi ta wa ce wannan ba.

Amma abin da ya ɗaga Inna a kan kowa shi ne kalmasa. Tabarma daga gefe take fara mutuwa, kun sani, sili ɗaya ya zare sauran su bi. Ita Inna tana da yadda take mayar da ƙarshen kaba ciki, ta saƙe shi cikin ɗan'uwansa, har ka bi gefen da yatsa ba za ka gano inda aikin ya ƙare ba. Tabarmarta sai ta huje a tsakiya don tsufa gefenta yana nan daram. Ita kuma ba ta koyarwa da baki. Zama za ki yi kusa da ita ki riƙa yi, in kin kuskure ta bugi bayan hannunki, shi ne darasin. Haka na koyi tsagar kaba da rini da sawun kurciya. Amma da zarar aiki ya kai kalmasa sai ta aike ni rijiya, ko ta juya mini baya. Har na haifi Salamatu, ta huɗu a cikinku, ana aike na rijiya. Da na matsa mata sai ta ce hannuna bai bar gaggawa ba. Daga baya, da idonta ya fara rauni, ta soma wata tabarma doguwa, ta ce wannan tata ce, a cikinta za a ɗauke ta ranar da ta cika, daga nan a kai ta masallaci. Ta ce a kan wannan tabarmar za ta nuna mini kalmasa, mu rufe gefenta tare. Na riƙe wannan alkawari da hannu biyu.

Kaba dai goruba ce da ba a bari ta girma ba. Iri biyu muke da ita. Akwai ta tudu, cikin gonaki, gajera mai tauri, wadda ake igiya da tabarmar shanya da ita. Akwai ta gaɓar ƙorama, wadda saiwarta ke shan ruwa, doguwa mai laushi. Ko a ta gaɓar ma, farar tabarma ba ta fita sai daga ganyen tsakiya wanda bai buɗe ba, wanda muke ce wa zuciya. Shi Inna ke so, kuma tun da ƙafarta ta daina kai ta gaɓa ni ce mai yanko mata, kaɗan-kaɗan, bayan an yi girbi, don ba ta yarda da kabar da ta kwana shekara a ajiye. Ina yarinya gorubai ne jere a gaɓa biyun, manya, muna jifar ƴaƴansu muna gwigwiya har haƙori ya yi tsami. Da aka yi shekarun yunwa maza suka sare su suka kai azara Ƙonni. Abin da ya tsiro daga kututturen mu mata muka tsaya a kansa da wuƙa. Duk zuciyar da ta leƙo sai a yanke. Kaba ta yi shekara da shekaru ba ta wuce gwiwa ba, mu kuma ba mu ga laifin komai ba, tunda kullum tana sake tohowa.

Sai ruwan sama ya canza hali. Ya yi kwana da kwanaki bai zo ba har hatsi ya fara naɗewa, sannan ya zo a yini ɗaya kamar an kifar da randa. Duwatsun da ke bayan gari sun zama fako, ba ciyawar da za ta tsai da shi, sai ya gangaro ƙorama da ƙarfinsa duka. Kowace damina yana ɗan gutsurar gaɓa, muna matsar da shinge baya muna cewa Allah ya kyauta. A daminar da nake ba ku labari ya daina gutsura, ya ci. Da rana tsaka abin ya faru, muna tsaye muna kallo. Garkar babanku, lambunsa na albasa, ta tafi rabi, ta gidan su Hajo ta tafi duka. Hajo tobashiyata ce, ɗiyar kawuna, tare muka tashi. Da ruwa ya janye muka tarar da rijiyar garkarsu ta siminti tsaye ita kaɗai a tsakiyar rairayi, ƙasar da ke kewaye da ita duk ta tafi, bakinta can sama, hannun mutum ba ya kai gare shi. Tsakanin sabuwar gaɓar da gidajen farko na gari bai wuce jifa da dutse ba.

Mai gari ya tara mutane bayan girbi, aka kira malamin daji daga Ilela. Ya zaga ya duba, ya nuna mana cewa inda kaba ta yi kauri gaɓa ba ta zube sosai ba, ya ce a jera duwatsu a sama, a kuma bar kaba ta tashi. Maza suka ji inda za su ajiye laifi. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna cewa mata ne da wuƙaƙensu. Mu muna zaune can baya, ba a saba mu yi magana a irin wurin ba, amma ni bakina bai taɓa neman izinina ba kafin ya buɗe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a tambaye su wa yas sare gorubai. Ku kunka kashe uwa, mu munka hana ɗiya tashi. In za a raba laihi a raba shi daidai."

Babanku ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Mai gari, Allah ya jiƙansa, dattijo ne mai wayo. Ya yi dariya ya ce tunda na iya rabo, to maza su ɗauki duwatsu, mata su ɗauki kaba, ni kuma in ɗauki mata. Kafin in ce wani abu matan bayana sun yi guɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muka zauna mu kaɗai a gidan Hajo muka yanke cewa damina uku ba mai sa wuƙa a kabar gaɓa. Malamin daji ya ce ana iya yankan kaɗan a bar saura, amma mun san kanmu. In aka ce kaɗan, kowace za ta yanki kaɗan ɗinta, mu kuwa muna da yawa. Wadda aka kama za a karɓe wuƙarta, ta kuma yi ɗaukar duwatsu tare da maza.

Sai matsalar tsaro. Ba wadda za ta bar daka da surfe ta zauna gadin kaba. Hajo ce ta kawo dabarar, kuma ina so ku riƙe cewa tata ce, don mutane sun ɗora mini ita. Ta ce ba a satar tabarma a garin nan saboda kowace tana ɗauke da adon gidanta, to a sa wa kaba ado. Kowace mace ta saƙa ɗamara mai faɗin tafin hannu da adon gidansu, ta zaɓi gindin kabarta ta ɗaura mata. Mai yankan kabar da ba ta kowa ba ba ta jin kunya, amma mai yankan wadda ke sanye da idon zabuwa ta san matar da za ta haɗu da ita gobe a rijiya. Muka gwada da kabar tudu, awaki suka cinye ɗamarun cikin mako. Nan kawunku Issufu ya shigo, kuma a wannan karon taimako ya yi. Ƙanena ne, yana aikin lodin motocin siminti a Malbaza, ya riƙa tara mana buhunan da suka yage. Mu wanke su sosai, don ƙurar siminti tana cin hannu, mu warware su sili-sili. Rini ba ya kama su, sai muka nemi launi a inda yake: fari daga buhun siminti, kore da shuɗi daga na taki da na shinkafa, baƙi daga ledar da ke rataye a kan ƙaya ko'ina a bayan gari. Kafin sanyi ya shiga, gaɓa ta cika da ado tun daga mashaya har kwanar makabarta. Masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayar da amalanke su kalla.

Duk wannan hidima ba da Inna aka yi ta ba. Tana gidana a lokacin, ɗakinta na kallon nawa. Tabarmarta ta wuce rabi, kabar da na yanko mata bara ta ƙare. Wata safiya na kai mata kunu, ta karɓa ta ajiye, ta ce in zauna.

"Dije, gobe ki tahi gaɓa ki ɗebo mini zuciya, kahin rana ta yi zahi."

"Inna, an ruhe gaɓa. Ai kin jiya."

"Na jiya. Wa yar ruhe ta?"

"Mu munka ruhe."

"To, wadda tar ruhe ƙohwa ita ad da mabuɗi."

Na yi mata bayanin ruwa da gaɓa da gidajen da ke bakin rami, ta saurara har na gama. Ta ce ita ta riga ni sanin ƙoramar, uwarta a nan ta yanki kaba, kakarta ma haka, kuma abin da take nema bai wuce runguma biyu ba. Gaskiya ne, bai wuce ba. Na ce ta yi haƙuri damina uku. Ta dube ni da idon nan nata da ya fara fari ta tambaye ni ko ni ce zan ba ta damina ukun. Na ɗauko mata silin buhu na ce ko za ta rage zaman banza da shi. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta miƙo mini abina, ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da Issufu ya zo hutu ya ji, ya hau mota ya tafi Ƙonni ya sayo kaba dami guda, mafi kyau da ya samu. Inna ta zari sili ɗaya ta sa a baki ta ciza, ta lanƙwasa shi, ya karye. Ta ce an shanya ta a rana mai zafi don a yi saurin kai ta kasuwa, kuma launinta ba zai haɗu da abin da ta riga ta saƙa ba. Ta yi masa godiya ta ce a ba tunkiya. Daga nan ya juyo kaina. Ya ce shi zai je da kansa ya yanko, ba wanda zai tare shi, abin da yake so kawai in kau da kai. Na ce in ya je zan karɓe wuƙarsa kamar ta kowa. Yaron da na goya a bayana, ranar ya tsaya a tsakar gidana ya ce mini sarauta ta hau mini kai. Babanku bai sa baki ba, shi dama in an fara irin wannan sai ya tuna yana da aiki a garka.

Kada ku ɗauka zuciyata dutse ce. Na yi ta juya abin a raina, kuma saura kaɗan in je. Hajo ma ta zo ta ce mata sun yi magana, in don Gwaggo ne, wato Inna, ba mai cewa komai, in tafi in yanko. Abin da ya tsai da ni Zali ce. Zali bazawara ce, mijinta ya tafi cin rani bai dawo da rai ba, ya bar ta da yara, kuma da farar tabarma take ciyar da su. Kafin zuwan Hajo da ƴan kwanaki aka kama Zali da zuciyar kaba cikin zane. Aka kawo ta gabana. Ta yi kuka, ta ce ba hatsi a gidanta, kuma na san ba ƙarya take ba. Muka tara mata hatsi, amma ni da hannuna na karɓi wuƙarta, kuma ta ɗauki duwatsu a ka tana wucewa ta ƙofar gidana. To da wane ido zan dube ta in na yanko wa uwata abin da na hana ta don abincin ƴaƴanta? Na gaya wa Hajo haka. Na ce kuma kowace a cikinmu tana da tsohuwa a gida, in aka buɗe don tawa an buɗe don ta kowa. Hajo ta ce mini taurin kaina na gidan ubana ne, ba na gidansu ba, ta tashi ta tafi.

Abin da ya fi mini ciwo a shekarar shi ne hannuwan Inna. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganinsu a zaune ba. Yanzu ga su a kan cinya, yatsun suna motsi su kaɗai kamar suna neman abu. Ta naɗe tabarmar ta jingine a kusurwa. Ba ta zage ni ba, ba ta ƙi cin abincina ba, ina gaishe ta tana amsawa. Amma ta daina kirana Dije. Sai ta ce a kira mata shugaba, ko ta tambayi yara ko shugaba ta dawo. Ku kuna dariya lokacin, kuna tsammani wasa ne. Ni kuwa in na ji sai in shiga madafa in yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Akwai wani yanki na gaɓa a kwanar makabarta, nesa da ido, inda kaba ta fi kyau. A nan ne ɓarna ba ta tsaya ba. Ɗamarata ce a wurin, amma ana zuwa ana yanka, wasu daga garinmu wasu daga ƙauyen tsallake, don adona bai ba kowa tsoro ba. Ina ba Hajo labari a tsakar gida, ban san Inna tana ji ba. Sai muka ji muryarta daga ɗaki tana tambaya ko da gaske ne ana yanka. Na ce da gaske ne. Sai ta ce a kawo mata shara. Ban gane ba sai da ta ce sharar nan ta Malbaza da muke wasa da ita.

"In ni ban yanka ba, babu ɗiyar da za ta yanka."

Ba don ta yarda da ni ta yi ba, kada wani ya gyara muku labarin. Haushi ne ya sa ta. Ta zauna da silin buhu tana tsaki tana saƙa, da laluben yatsa, don idon ya kusa tafiya. Sawun kurciyar da ya fito daga hannunta ko a buhu ba irin nawa ba ne, duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmarta zai gane shi daga nesa. Na kai na ɗaura a kwanar. Labari ya zaga har tsallake cewa tsohuwa da kanta ta sa hannu, kuma ita ma an hana ta. Daga ranar ba a ƙara taɓa wurin ba.

Da na ga ta kama aiki na samu ƙarfin hali na roƙe ta ta nuna mini kalmasa a kan silin buhu. Na yi tsammanin za ta ƙi, sai ta ce in matso. Wannan ne karo na farko da ba ta aike ni rijiya ba. Ta lanƙwasa silin ta tura ciki, ya zame ya fito. Ta sake, ya sake zamewa, don buhu santsi gare shi, ba ya riƙe ɗan'uwansa. Muka ɗauko kabar tudu muka jiƙa, tana kai lanƙwasa ta biyu sai ta karye. Ta gwada yi mini bayani da baki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a bi ta ƙarƙashi a dawo ta baya, sai ta rikice, ta ce ita kanta ba ta san yadda ake faɗinsa ba, hannunta ne ya sani. Ranar ta kira ni Dije, ta ce in ajiye, in Allah ya kai mu a buɗe gaɓa sai mu yi.

Damina ta farko ta zo da ruwa mai yawa, gaɓa ta zube a wuri ɗaya ko biyu amma ba ta matso gari ba. Inna ta ga wannan, ko in ce an gaya mata. A bazarar da ta biyo baya, ana tsakiyar zafi, ta kwanta da zazzaɓi. Issufu ya zo da mota za a kai ta likita, ta ce a bari sai gobe, goben ba ta same ta ba. Mu mata muka yi mata wanka muka sa ta a likkafani. Na ɗauko tabarmarta daga kusurwa na warware. Ta kai daga kanta zuwa ƙasan gwiwa, daga nan sai silin kaba a sake. Maza suna jira a waje, rana tana yi. Aka aika masallaci aka ɗauko tabarmar roba aka shimfiɗa a makara, aka ɗora tata a kai, aka ɗauke ta. Issufu yana riƙe da gaban makara. Da suka zo wucewa ta inda nake ya tsaya, bai ɗaga murya ba.

"Yaya, diba da kyau. Wadda tay yi ma gari tabarma dut rayuwatta, ga abin da za ta tahi cikinai."

Na duba, kamar yadda ya ce. Tun ranar yana gaishe ni, yana zuwa suna da biki, ya yi muku duk abin da kawu ke yi, amma ni da shi ba mu ƙara zama mun yi hira ba. Ban taɓa cewa ƙarya ya faɗa ba.

Da damina ta uku ta wuce muka buɗe gaɓa da sabuwar doka. A kowane gindi ana barin kan da ke sanye da ɗamara ya tashi, a yanki na gefe, unguwa-unguwa, kowace da shekararta. Su ne gorubai da kuke gani yanzu, waɗanda ƴaƴanku ke jifa. Ruwa bai daina zuwa da hauka ba, ya ma ƙaru, amma gidajen bakin gaɓa suna nan, Hajo ta sake garka a inda rairayi ya taru. Matan ƙauyuka biyu sun zo sun koyi ɗamara a wurinmu. Ranar buɗewa mata suka ce ni zan fara sa wuƙa. Na ce Zali ta fara, na mayar mata da wuƙarta, sannan na yanki runguma biyu na kawo gida.

Na shanya ta a inuwa yadda Inna ke yi, na tsaga, na rina, na ƙarasa tsawon tabarmarta, wadda aka dawo mini da ita daga makabarta. Sai da na kai gefe na tsaya. Na zaga duk tsofaffin garin da na tsallake, ba wadda ta iya. Abin da ya rage mini na hannunta shi ne tabarmar da ta yi mini ta aure, wadda nake ajiye a ƙarƙashin gado ba a zama a kanta. Na ce in na warware gefenta a hankali, ina kallon inda kowane sili ya bi, zan gane. Na zauna da tsinke da safe, haske yana da kyau, na zaro na farko, na bi shi, na zaro na biyu. Ina kai na uku sai wajen taƙin hannu guda ya saki gaba ɗaya, silin suka miƙe tsaye, ba wanda ya nuna inda ya fito. Na matsa gaba na sake gwadawa, ya sake saki. Ban tsaya ba sai da na ga na cinye gefe guda.

Tabarmar Inna tana masallaci, da kalmasa irin ta kowa, ta fara zarewa tun shekarar farko. Ta aurena kuma ita ce wadda kuka sani da baƙin ƙyalle ɗinke a gefe ɗaya. Salamatu ta sha roƙona in koya mata kalmasar kakarta, ina ce mata sai ta bar gaggawa. Salamatu, ba gaggawarki ba ce. Ban iya ba, kuma babu sauran wanda ya iya.